Sulen da Ba Ya Hawa Sikeli: Tafiyata Ƙasar Zinaren Kalifoniya

Shekarata 31 a rumfar gwal a Kasuwar Rimi, kuma duk abin da aka miƙo mini, sarƙa ce ko warwaro ko sule, tambayata biyu ce: giram nawa, sannan 18 ne ko 21 ko 22, wato lambar tsarkin gwal, wadda tsantsa ke kan 24? Sauran bayani na mai kaya ne. To ana nan sai ɗan wana da ke aikin jinya a Sakaramento ya turo mini hoton wata ƙatuwar kwandalar zinare mai kusurwa takwas ta WhatsApp. Ya ce, "Baffa, nawa za ka sayi wannan? Giram 85 ce." Na buɗa hoton, na ga an buga 887 a jikinta, wato kashi 887 cikin 1,000 zinare ne, ta ɗan ɗara 21 ɗinmu ke nan. Na danna kwakuleta na ce masa dala 4,600, in mai ita ya matsa in ƙara hamsin. Sai ya turo kuɗin da aka sa mata: dala 45,000. Na ce masa wani ya yi kuskuren sifili. Ya yi dariya ya ce in na zo zan gani da idona.

Zuwan kuwa ya kama, don matarsa ta haihu an yi mini takwara. A watan Satumban 2023 na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, bayan na sha layin biza a Abuja, na kuma canji dala a Wapa lokacin tana neman naira 1,000. Muka yada zango a Doha, daga nan jirgi ɗaya ya ɗauke mu har San Faransisko, awa 15 da ɗoriya ba sauka. Abin da ya dame ni a jirgin nan salla ce. Rana ta ƙi faɗuwa, muna binta tana binmu, agogon hannuna na cewa dare ya yi a Kano, taga kuwa fayau. Na yi ta ƙiyasi ina yi a zaune.

A wurin kwastan aka tambaye ni ko na shigo da kuɗin da ya haura dala 10,000, na ce ina na gan su. Abinci fa? Na faɗi gaskiya: kuka, daddawa, yaji, da kilishi. Jami'in ya bar mini sauran, ya ɗauke kilishin gaba ɗaya, ƙunshi huɗu na Agadasawa, ya ce nama ba ya shiga ƙasar. Ina kallo ya jefa shi a kwandon shara. Sai kuma ya zaro baƙin dutsen gwajina daga aljihun jaka yana juya shi. Na nuna masa yadda ake goga zobe a kai. Ya tambayi ruwan da ake ɗigawa, na ce na baro shi gida, ai ba a hawa jirgi da shi. Wannan ruwan da na baro, ku riƙe shi, zai dawo.

Ɗana ya ɗauke ni a mota, awa biyu muka yi zuwa Sakaramento, barci ne ya cinye mini hanyar. Kwana ukun farko na takwara ne da hutun gajiya, don tsakaninsu da mu awa 8 ne, ƙarfe biyun dare idona biyu kamar mai gadi. Garin zafi ne busasshe irin na Kano kafin damina, sai dai da magariba iska mai sanyi take tasowa. Nama bai zama matsala ba, Afganawa sun cika garin, shagunansu na halal ko'ina. Farantin shinkafarsu mai karas da zabibi da naman rago dala 18 ne, na buga shi a naira sau ɗaya na ga zan ƙware, ban sake ba. Juma'a muka yi a wani tsohon masallaci da ke kan titin V, wanda manoma 'yan yankin Fanjab suka gina a 1947.

Ranar Asabar muka nufi Koloma, inda rububin haƙar zinaren Kalifoniya ya samo asali. Babbar hanya mai lamba 50 muka bi zuwa Filasabil, sannan muka karya kan hanya mai lamba 49, wadda aka raɗa wa lambar don tunawa da mahaƙan 1849. Siririya ce, tana murɗewa cikin tuddai masu busasshiyar ciyawa ruwan ƙasa-ƙasa, kai ka ce hanyar Falgore ce da kaka, ban da cewa babu shingen kowa. Tun daga Sakaramento har Koloma ba wanda ya ɗaga mana hannu. Kuɗin da muka biya kawai dala 10 ne na shigar mota wurin tarihin.

Na zaci zan ga gari. Ƙauye ne da bai kai wata unguwar Dawakin Tofa ba, ga kogi mai ruwa garai-garai yana bin duwatsu. A nan ne ranar 24 ga Janairun 1848 wani kafinta, James Marshall, yana gina wa John Sutter injin yankan katako mai aiki da ruwa, ya hango wani abu na ƙyalli a magudanar. Dattijuwar da ke zagayawa da baƙi ta ba mu labarin yadda ya gwada shi, ni kuwa nan kunnena ya miƙe. Ya ɗora a dutse ya daka, ya ga ya baje bai farfashe ba. Matar da ke dafa wa ma'aikata abinci ta jefa shi a tukunyar sabulun da take dafawa, ya fito yadda ya shiga. Da aka kai wa Sutter, ya ɗiga masa ruwan asid, irin dai wanda muke ɗigawa a Rimi. Na ce wa ɗana ya gaya mata har gobe haka muke yi. Ta yi mamaki ƙwarai, ta ce ita a takarda kawai ta sani.

An sake gina injin katakon yadda yake a da. Can saman tudu ga mutum-mutumin Marshall yana nuna kogin da yatsa, a ƙarƙashinsa aka binne shi. Ya mutu a 1885 ba shi da ko anini. Sutter ma mahaƙa suka tattake masa gonaki suka cinye masa shanu. Wanda ya ci ribar shi ne ɗan kasuwa, Sam Brannan, da ya fara saye shebur da kwanon wanki na yankin kakaf, sannan ya shiga San Faransisko da garin zinare a kwalba yana shela. Wannan ban yi mamakinsa ba. Na je Bagega sayen ɗanyen gwal kafin bala'in gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, kuma ko a can mai injin niƙa da mai sayar da ruwa da mai shayi su ne suka gina gidaje. Mai shiga rami sai tari.

Akwai abin da ya tsaya mini a Koloma. Mutanen ƙasar na asali, Nisenan, su ne a kwarin nan kafin kowa. A faɗin Kalifoniya irinsu sun kai wajen 150,000 kafin zinare, zuwa shekarun 1870 saura wajen 30,000, cuta da yunwa da kisan gilla. Sannan ga labarin Nancy Gooch, baƙar mace da aka kawo a matsayin baiwa, ta sami 'yanci da Kalifoniya ta zama jiha a 1850, ta yi wanki da girki ta tara kuɗi ta kawo ɗanta da aka raba su. Zuriyarta, gidan Monroe, su suka wayi gari da mallakar filin da injin Sutter ya tsaya a kai, daga hannunsu gwamnatin jihar ta saya a shekarun 1940.

Na biya kuɗin koyon wankin zinare, ɗana yana ta dariya, wai Baffa da gemunsa cikin 'yan makaranta. Kwano ne baƙi mai gurbi-gurbi a gefe, ka ɗebo yashi ka girgiza cikin ruwa, mai nauyi ya zauna ƙasa, ka riƙa zubar da na sama. Matan Anka da ƙwarya suke yin wannan, kuma sun fi malamin namu hannu nesa ba kusa ba. Bayan rabin awa, bayana ya ƙage, na tsira da ƙwayoyi uku kamar garin barkono, aka sa mini a 'yar kwalba.

A hanyar dawowa muka tsaya wani ƙaramin gari cin abinci. Ɗana ya hana ni abincin da yankin ya yi suna a kai, wainar ƙwai ce da wani naman ruwa mai ƙoƙo, amma da naman alade a ciki. Na ci dankali da kifi. Kusa da wurin akwai shagon tsofaffin kaya, fitilun ƙwai, ƙaho, kwalabe, da wani akwatin gilashi. A ciki na hango 'yan mitsi-mitsin sulalla, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. An rubuta zinaren Kalifoniya, 1852, a baya ga hoton dabbar nan beyar da ke kan tutar jihar. Dala 45 ɗaya. Na ɗora a tafin hannu, abu ne da ba ya da nauyin da hannu zai ji. Dutsena na aljihu, amma ba ruwa, kuma kunya ta hana ni goga kayan mutane a gabansu. Na sayi biyu, ina jin na yi wa mai shagon wayo.

Ranar Talata muka hau jirgin ƙasa zuwa San Faransisko, dala 30 da 'yan kai kowannenmu, daga ƙarshe bas ta tsallaka da mu gada. Kafin nan jirgin ya bi ta wata doguwar gadar ƙarfe a gefen garin Benishiya, ɗana ya taɓa ni ya ce a nan aka buga sulallan farko masu zaman kansu na Kalifoniya a 1849, na wani kamfani Norris, Gregg & Norris, na dala 5, amma sunan San Faransisko suka buga a jiki. Yaron nan ashe ya daɗe da kamuwa da ciwon, karatun abin yake yi da daddare in ya dawo aiki.

Shi ya warware mini dalilin da ya sa mutum zai buga kuɗinsa da kansa gwamnati na kallo. Mutane wajen 300,000 suka kwararo Kalifoniya cikin 'yan shekaru, zinare ya yi yawa, kuɗin kashewa babu. Manyan ma'aikatun buga kuɗin gwamnati suna Filadelfiya da Niyu Olins, tafiyar watanni ta teku. Sai aka koma ciniki da garin zinare: ka buɗe jakar fata, mai shago ya tsunkula da yatsa biyu, tsunkule ɗaya dala ɗaya. An ce masu mashaya sukan nemi ma'aikaci mai manyan yatsu. Wani ya gauraya da garin tagulla, wani sikelinsa na da aljanu. Oza ɗaya, wato giram 31 da ɗoriya, da gwamnati ke saye dala 20.67 in tsantsa ce, a nan dala 16 ake karɓarta, wani lokacin ƙasa da haka. Kwastan kuma suka ce su kuɗi bugagge suke so. Tsarin mulkin Amurka jihohi ya hana buga kuɗi, bai ambaci ɗaiɗaikun mutane ba. Ta wannan kafar masu gwajin zinare da maƙeran fari da masu agogo suka shigo: kawo garinka, mu narke, mu buga maka sule da sunanmu, mu cire ladan aiki. Da na ji haka na ce ashe 'yan uwana ne, 'yan gwal ne suka zama babban banki.

San Faransisko sanyi ya tarbe mu da hazo, na sayi rigar sanyi dala 25 a unguwar 'yan Sin. Ɗakin da muka kwana dala 170, gado biyu da taga mai kallon bango. Muka taka titin Montgomery, inda dogayen benayen bankuna suke. A 1849 nan ne bakin teku. Jiragen ruwa ɗaruruwa aka yasar a gaɓar saboda matuƙa sun gudu haƙa, aka mai da wasu rumbuna, wani mai suna Niantic har otal aka yi da shi, daga baya aka cike wurin da ƙasa. Har yau in ana haƙa harsashin gini akan ci karo da katakonsu. A wani ɗan lungu, titin Commercial, ga allon ƙarfe a bango: nan ma'aikatar buga kuɗin gwamnati ta farko a garin ta buɗe a Afrilun 1854, a ginin da 'yan kasuwar suke bugawa a da. Daga nan muka gangara tsohuwar ma'aikatar 1874 mai ginshiƙan dutse, wadda ta tsira daga girgizar ƙasa da gobarar 1906. A rufe muka same ta. A gefenta mutane ne kwance cikin tantuna da bargo, wani yana magana shi kaɗai. Na ga bara a gida iri-iri, amma ban taɓa ganin mutum kwance a titi ba wanda zai ce masa sannu ba sai a nan.

Ainihin abin da ya kawo ni ya zo ranar Asabar ta biyu: baje kolin masu tara sulalla a wani zaure a gefen Sakaramento. Dala 5 kuɗin shiga, ga masu gadi da bindiga a ƙugu. Tebura ne jere, kowanne da akwatin gilashi da fitila mai lanƙwasa, yawancin masu kayan tsofaffin Turawa ne masu tabarau biyu. Shiru kamar ɗakin jarrabawa. Ba mai kiran "Alhaji zo ka gani", ba mai jan hannun riga.

Ɗana ya kai ni teburin wani dattijo da suka saba. Da ya ji sana'ata sai ya jawo mini kujera, ya buɗe akwati ya ɗora mini ita a hannu, irin wadda na gani a hoto. Dala 50, 1851, kusurwa takwas, gaggafa a gaba, bayanta zanen zobe-zobe kamar bayan agogon aljihu. Ba banza ba, wanda ya buga ta, Augustus Humbert, maƙerin kwanson agogo ne daga Niyu Yok da gwamnati ta naɗa mai gwajin zinarenta, yana aiki da kamfanin Moffat. Nauyinta ya cika hannu, duk da tana cikin wani kwanson roba garai-garai da aka liƙe ruf. Kalarta ba ja irin ta Dubai ba ce, ta ɗan yi fari-fari, saboda zinaren Kalifoniya da azurfa yake fitowa, su kuma ba su da isasshen asid na tacewa, sai suka buga shi yadda Allah ya yi shi suka rubuta adadin a jiki. Kusurwoyinta duk sun lotsa. Ya ce haka yawancinsu suke, abu mai nauyi in ya faɗi da kusurwa yake sauka. Kuɗinta dala 42,000.

Hannuna ya tafi aljihu da kansa, na fito da dutse. Dattijon nan ya dafe ƙirji. Ya ce gogar da zan yi sau ɗaya za ta iya zubar da kuɗin mota. Ya nuna mini takardar da ke cikin robar: kamfanoni ne, manyansu PCGS da NGC, suke duba sule su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe. Maki ɗaya kan iya ninka kuɗi. Babban laifi a wurinsu shi ne wanki. Sulen da aka goge ya yi ƙyalli ya faɗi, wanda ya yi shekara 170 da dauɗarsa shi ne mai daraja. Na tuna yaron rumfata da burushi da ruwan kumfa, kullum da safe aikinsa ke nan, kaya ba ya hawa gilashi sai ya sha wanki.

Ya riƙa fito da su ɗaya-ɗaya. Na Moffat na dala 5, kamarsa ɗaya da na gwamnati, sai ka sa madubi ka ga a kambin kan matar sunan kamfanin aka rubuta. Na Kellogg na dala 20, na 1854, wanda 'yan kasuwa da kansu suka roƙa a buga saboda kuɗi sun yi ƙaranci kafin ma'aikatar gwamnati ta buɗe. Ya ba ni labarin Wass da Molitor, 'yan Hangari biyu da suka gudo bayan an murƙushe tawayen ƙasarsu, suka buga dala 50 zagayayya a 1855. Sai wani na dala 5 mai hoton hannu biyu suna musabaha, na mabiya ɗarikar Momon a Solt Lek, 1849. Ya ce nasu na dala 20 da aka gwada zinaren ciki wajen dala 17 ne, aka daina karɓarsa sai da ragi. Ba Kalifoniya kaɗai ba ce: Oregon sun buga mai hoton dabbar ruwa a 1849, a Denba kamfanin Clark, Gruber ya buga a 1860, kuma tun 1831 gidan Bechtler ke bugawa a Karolina ta Arewa. Dokar 1864 ce ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane buga kuɗi.

Na tambaye shi wanne ya fi tsada. Ya buɗe wani kundi ya nuna mini hoto, don shi ma ba shi da shi: dala 10 na kamfanin Baldwin, 1850, mahayin doki yana wurga igiya. Kyakkyawa ne ƙwarai. A watan Maris na 1851 wani mai banki, James King na William (haka yake rubuta sunansa don a bambanta shi da sauran masu sunan, kamar yadda muke cewa Audu na Malam), ya kai sulallan kamfanoni wurin Humbert a gwada, ya ba jaridu sakamakon. Dala 20 ta Baldwin ta fito dala 19.40. Kashi uku cikin ɗari kacal. Amma gari ya ɗauka, 'yan kasuwa suka ƙi karɓa sai da ragi mai yawa, masu canji suka saye su da arha suka narkar suka ci riba. Abin da ya tsira kaɗan ne, shi ya sa yau mai dokin nan yake haura dala 100,000, na Moffat mai gaskiya kuwa, da yake kowa ya yarda da shi an buga da yawa, ana samunsa a 'yan dubbai. Na daɗe ina juya wannan. A Rimi ma mun san haka, ranar da aka ce 21 ɗin wane 18 ne, ya gama, ko da sau ɗaya ne. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne jikokin masu ƙin karɓa su dawo suna rububin kayan.

Sai na ga dama ta samu in nuna ni ma ba baƙo ba ne. Na warware hankici na ajiye masa 'yan biyuna na dala 45. Ko madubi bai ɗauka ba. Ya ce in duba, akwai inda aka rubuta dala ko santi? Babu. Ya ce na gasken, waɗanda masu kayan ado suka fara bugawa a 1852 saboda rashin canji, kwata da rabi da dala ɗaya, dole a ga darajar kuɗin a jiki. Mai beyar ba tare da ita ba tsarabar 'yan yawon buɗe ido ce, tagulla da ruwan gwal. GL ke nan, ni da nake kama wa mata ita a Rimi tun kafin a haifi ɗan da ke tsaye kusa da ni yana danne dariya. "Baffa, ai da ka tambaye ni." Na ce masa ya yi mini shiru.

Dattijon ya fito da na gaske: kwata dala, 1856, kusurwa takwas, kan mace da taurari kewaye, yana iyo a tsakiyar robarsa kamar ƙwayar ridi a faranti. Zinaren ciki bai wuce rubu'in giram ba, dala 15 in an yi masa karamci. Ya ce 450. Na ce 300. Ya kalle ni ta saman tabarau, na kalle shi, nan dai muka gane yare ɗaya muke ji. Na miƙe kamar zan tafi, ya ce 400, muka daidaita a 390 ya haɗa mini da rasit. Ina ƙirga masa kuɗin ina tuna tsofaffin dalolin azurfa masu kan Mariya Tariza da 1780 a jiki, waɗanda na ga maƙeran fari na zubawa a tukunya ana yin mundaye, da sulallan Ingila da ni da kaina na aika narkarwa ba adadi, ban taɓa duba shekarar ko ɗaya ba.

Dawowa ba wani labari, sai kukan rabuwa da takwara da awa 15 ɗin nan kuma. Ranar da na fito kasuwa, abin da na fara yi shi ne goga mai beyar a dutse na ɗiga ruwa. Nan take ya yi kumfa ya koma kore shar. Na gasken kuwa ya zaga rumfuna hannu-hannu. Maƙwabcina, wanda ya girme ni a sana'ar, ya ɗaga shi a rana ya ce, "Alhaji, fasa robar mu ɗora a sikeli mana." Na ce ba a fasawa. "To yaya aka yi ka san gwal ne?" Na nuna masa takardar. Ya tambayi nawa na saya, na faɗa masa a naira. Ya ajiye shi a hankali ya ce Allah ya mayar da alheri.

Bayan sati biyu wata Hajiya ta kawo sulen gado guda ɗaya, na Ingila mai doki, tana so a mai da shi 'yan kunne. Na ɗauko madubi ina neman shekara. Ta ce, "Alhaji, auna mini mana, sauri nake." Giram 7.9, 22 ne. Na biya ta kuɗinsa ta zaɓi 'yan kunne a gilashi, na hana yaro wanke shi, na ɗauki hotonsa gaba da baya na tura Sakaramento. Sai da gari ya waye a can amsa ta zo: "Baffa, wannan miliyoyi aka buga, kuɗin gwal ɗinsa ne kawai. Narkar da abinka." Yana nan cikin durowa, kusa da mai beyar ɗin da ya rage.